Ki Tambayi Ma'anar Gyara Kafin Ki Tafi Ankara

Sparkbrook, Birmingham
Ranar Juma'a

Assalamu alaikum, Ummi. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a Manchester. Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya sa ki kammala shirin nan lafiya. Abbanki yana gaishe ki.

Fasfonki ya dawo jiya Alhamis da bizar Turkiyya a ciki. Ni na sa hannu na karɓa, tunda adireshin gida kika ba su. Bizar ta shekara guda ce. Jirginki kuma, kamar yadda kika faɗa, zai tashi ranar Asabar, saura kwana goma sha biyar ke nan. Abin da babu har yanzu shi ne takarda daga jami'arku mai cewa idan kin dawo kujerarki tana nan. Sau biyu na tambaye ki a waya. Na farko kika ce, "Mama, shugabata ta ce kada in damu." Na biyu kika ce, "Gyara kawai ake yi a ofis, ba wani abu ba," kika koma zancen rigunan sanyi.

Tun da na ji kalmar gyara a bakinki hankalina bai kwanta ba. Har na ce wa Abbanki zan riƙe fasfon nan sai na ga takardar da idona. Ya ce, "Mai shekara talatin da ɗaya za ki ƙwace wa fasfo? Rubuta mata dai, ai sana'arki ce." Ya fi ni gaskiya. Gobe zan aiko miki da shi tare da wannan wasiƙa.

Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ki, kin san ban iya zaunar da ke in yi doguwar magana ido da ido ba. Amma na yi shekara goma sha ɗaya a teburin jarida, a rubuce na fi iya faɗin abu. Ki karanta a zaune, ba a tsaye a tashar jirgin ƙasa ba.

Ga abin da na fahimta, idan na kauce ki faɗa mini. Jami'arku ta zaɓe ki cikin ma'aikatan gudanarwa da take son horarwa su riƙe shugabanci nan gaba. Za ki yi shekara a Ankara kina nazarin tarihin manyan makarantun Turkiyya: yadda aka taso daga madarasa zuwa jami'a, wa ke naɗa shugaba, wa ke cire shi. A daidai wannan lokaci gwamnatin ƙasar nan tana tsuke bakin aljihu, jami'arku ta kafa kwamiti yana duba ofisoshin da za a haɗe wuri guda. A ofishinku na tsare-tsare ku shida ne. Ke kaɗai ce ba za ki kasance a wurin ba ranar da za a ƙirga kujeru.

Ina da shekara ashirin da huɗu aka ɗauke ni aiki a wata jaridar Hausa a Kaduna, zamanin soja, lokacin da mu ma aka ce kowa ya ɗaure ciki. Wata rana sanarwa ta zo da Turanci a kan wata jami'a ta Arewa. Kalmar da suka sa doguwa ce, irin wadda ake sa wa magana don kada a gane ta da wuri. Editanmu, Malam Isiyaku, ya miƙo mini takardar ya ce, "Hadiza, layi ɗaya gare mu a shafin farko. Nemo mini kalma gajeriya, masu ɗab'i suna jira." Na rubuta: Za A Yi Wa Jami'a Gyara. Ya auna ya ce, "Madalla, ta zauna daram." Na ji daɗi. Shafin farko kawai na karanta na sanarwar. A ƙasa an rubuta cewa akwai rataye, wato ƙarin shafukan bayani, ban nemi a ba ni shi ba.

Bayan kwana biyu Dakta Lawal ya zo ofishinmu. Shi ya koyar da ni tarihi a wannan jami'ar. Wata kwaleji a wata jiha ta yi masa tayin aiki, suna jiran amsarsa a makon. Ya zaro jaridar daga aljihun babbar rigarsa, ya shimfiɗa a teburina, ya ɗora yatsa a kan kanun.

Ya ce, "Hadiza, ke kika ga takardar Turancin da idonki. Gyara ne ko kora?"

Ban sani ba. Amma malamina ne tsaye a gabana, abokan aiki suna ji, na ji nauyin in ce ban karanta duka ba. Na ce, "Gyara ne, Malam. Za a daidaita sassa ne, a gyara ɗakunan karatu."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Yara suna tsakiyar zango, ba sai na tumɓuke su ba."

Ya ƙi tayin. Kafin shekara ta ƙare aka haɗe sashensu da wani, sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Gurbin kwalejin kuwa tuni an ba wani. Na sake ganinsa a tashar mota bayan kamar shekara biyu, yana ɗaure katan-katan na littattafan sakandare da yake kaiwa shaguna. Na so in kauce, amma ya riga ni gani. Ya ɗaga murya ya ce, "Malama mai gyara! Ai kuwa an gyara mu. An gyara mu tsaf, kamar yadda ake gyara kaza." Ya yi dariya, ya tambayi mutanen gida, ya sa mini albarka. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hausa ba ta yi mini ƙarya ba, Ummi. Mai gyaran mota yana gyara, mai fige kaza ya cire kayan cikinta shi ma gyara yake yi. Ni ce na ɗauki ma'anar da ta fi daɗin ji na sa a shafin farko. Don haka duk inda kika haɗu da wannan kalma, a ofishinku ko a ɗakin ajiye takardun tarihi na Ankara, ki yi mata tambaya guda: mutum nawa ne kafin gyaran, mutum nawa bayansa? Ki nemi ratayen. Idan kuma wani ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, musamman wanda abincin iyalinsa ya rataya a kan amsarki, ki ce ban sani ba, ko da duk ofis yana kallonki.

Tun da kika faɗa mini batun karatun nan na aro littattafai uku a laburare, wanda shi ma an rage masa kwanakin buɗewa, sai na yi sawu biyu kafin na same shi a buɗe. Na karanta yadda, a farkon jamhuriyarsu, aka rufe tsohuwar babbar makarantar Istanbul aka buɗe sabuwar jami'a a madadinta. Aka ɗauko manyan malamai da suka gudo daga Jamus, aka kafa ɗakunan gwaje-gwaje, aka sabunta koyarwa. Ba na musun alherin da aka samu, littattafan sun kawo hujja. Amma da yawa daga cikin tsofaffin malaman ba a kira su sabuwar jami'ar ba, kuma a biyu daga cikin littattafan nan ukun sai a ƙananan rubutun ƙasan shafi na same su. Kalmomi biyu na lura suna yawo a zancen. Ɗaya ita ce islahat, wato islahin da muka sani, gyara ke nan. Ɗayar tasfiye. Mu da muka yi Islamiyya, da mun ji tasfiya sai tsarkakewa ta zo mana a rai, tace ruwa, wanke zuciya. A takardunsu kuwa sallamar mutane daga aiki ake nufi.

Har da ni kaina na kusa sake faɗawa a makon jiya. A ɗaya daga cikin littattafan akwai hoton wata tsohuwar takarda da haruffan Larabci, irin rubutunsu kafin su koma na boko. Na sa tabarau na ce wa Abbanki, "Wannan ai ajami ne, tun ina 'yar shekara bakwai nake karanta shi." Na yi layi huɗu ina haɗa baƙi, na tsinci mu'allim, na tsinci ƙalam, ban fahimci jimla ko ɗaya ba. Yana daga kujerarsa yana cewa, "Shehiya, muna jiran fassara." Washegari na kai littafin wa dattijon Baturken nan mai gasa burodi a Stratford Road. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce kakansa ne zai iya wannan, shi bai taɓa koya ba. Na ce masa cikin kalmomin da na gane akwai alƙalami. Ya yi dariya ya ce haka ne, amma a takardar hukuma sau da yawa ofishin magatakarda ake nufi, ba abin rubutu ba. Kalmar da na fi amincewa da ita ma ban san aikinta ba.

Wannan yana cikin abin da nake ji miki tsoro. Za ki sauka a ƙasar da za ki ji kiran salla daga tagar ɗakinki, ki ji kalmomin da kika sani tun a allo, ki ji kamar kin zo gida. A nan mutum yake sakin jiki ya daina tambaya. Ki nemi malamin da zai koya miki tsohon rubutun nan daga tushe, kada ki dogara da ajaminki. Kalmar da ba ki taɓa ji ba za ki duba ta a ƙamus. Wadda kike ganin kin sani ita za ta wuce ki ba ki duba ba.

Yanzu abin da ban taɓa faɗa miki ba. Shekara uku da suka wuce, da na daina aikin tafinta, mun ce miki na gaji ne. Ban gaji ba.

Kin tuna lokacin da jikin Inna ya tsananta a Kano. Na je wurin shugabar ofishinmu, wanda ke tura mu asibitoci da kotuna, na nemi hutun wata huɗu. Matar nan ta tashi da kanta ta haɗa mini shayi, ta riƙe hannuna, ta ce in tafi in kula da mahaifiyata, idan na dawo za mu daidaita komai. Na fito ina sa mata albarka. A kunnena babba ta yi magana, an gama. Da na faɗa wa Abbanki, yana bakin ƙofa da jakarsa zai tafi aikinsa na asibiti a Edgbaston, ya tsaya ya ce, "Ta rubuta?"

Na ce, "Haba Dakta. Matar da ta haɗa mini shayi da hannunta zan ce ta rubuta mini? Ai sai ta ga kamar na ƙaryata ta."

Ya ce, "To, ki adana kofin shayin. Shi za ki nuna musu."

Na yi fushi da shi har na tafi. Bayan an yi arba'in ɗin Inna na dawo, na je ofis ranar Litinin da tsarabar dabino. Na kara katina a ƙofa, bai buɗe ba. Na sake karawa. Mai gadi ya shigar da ni. Shugabar tamu ta koma wani aiki a wani gari tun wata biyu. Wanda ya gaje ta ya duba kwamfuta, ya ce kwantiragina ya ƙare ina can, ba a sabunta ba, kuma yanzu ta waya ake yin yawancin tafintar. Mutum ne mai ladabi. Ya ce idan akwai wani abu a rubuce zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Na tsaya da ledar dabino a hannu. Na hau bas, na wuce tasharmu ina kallo, sai da direba ya ce nan ne ƙarshen hanya na sauko.

Na daɗe ina jin haushin matar nan, daga baya na gane ba yaudarata ta yi ba. Da gaske take a lokacin da ta faɗa. Sai dai alkawarin nata ne ita kaɗai, ofis bai san da shi ba, ranar da ta kwashe kayanta ta tafi da shi. Shugabarki ma ina kyautata mata zato. Amma kwamitin da ke duba kujerarki yana duba tata.

Don haka ga abin da nake roƙonki, ranar Litinin, kafin ki sayi ko safa ɗaya. Ki rubuta wa shugabarki saƙo, ki sa ofishin kula da ma'aikata a ciki. Ki gode mata, sannan ki nemi takarda mai ɗauke da sunan muƙaminki, da matakin albashinki, da ranar da za ki koma bakin aiki, da abin da zai faru da ke idan aka haɗe ofishin kina Ankara. Wannan na ƙarshen shi ne za ki ji nauyin rubutawa, kuma shi ne ya fi sauran. Sa hannun ya zama na ofishin ma'aikata, kada ya tsaya a nata kaɗai. Ki je wurin wakilin ƙungiyar ma'aikata ya karanta miki kafin ki ce kin amince. A ƙasar nan wanda ya ce a rubuta masa ba a ɗaukarsa mara kunya, ana ɗaukarsa wanda ya san aiki. Na yi shekara ashirin ina fassara wa mutane wannan a gaban likita da alƙali, da abin ya zo kaina na kasa.

Na san dalilin da ya sa kike jin nauyi, domin ni na ɗora miki shi. Muna zaune a Ladywood lokacin, kina aji huɗu na firamare. Na je ganawar iyaye da malamai, malamarku ta ce Ummi ta san amsa amma ba ta taɓa yin tambaya, kuma idan ana mata magana sai ta sunkuyar da kai. Na fito ina murna. A hanya na ce miki, "Haka ake so," na saya miki alewa. Kika ɗago kika ce mini, da Turancinki na 'yan Birmingham, ai malamar ƙorafi take yi, ba yabo ba. Na ce, "Ita ba ta san tarbiyya ba." Kika yi shiru. Na ɗauki shirun nan a matsayin nasara.

Ba na janye ladabin da na koya miki. Ki gaida manya, ki sassauta murya, ki ba su wuri. Amma na haɗa miki abu biyu a ƙulli ɗaya, girmama babba da ƙin tambayarsa, na miƙa miki kamar abu guda ne. Ki kwance su. Ana iya durƙusawa a gaida mutum, a tashi a ce masa ranka ya daɗe a sa mini a takarda.

Idan suka ce ba za su iya rubutawa ba sai kwamiti ya gama, to sun ba ki amsa ke nan, ki karɓe ta a matsayin amsa. Ba zan ce kada ki tafi ba. Karatun nan na da amfani, kuma ke kika nemo shi da guminki. Wataƙila ki zaɓi tafiya ko da kujerar ba ta da tabbas, wataƙila ki nemi a ɗaga miki zuwa zango na gaba. Duk wanda kika zaɓa ina bayanki, Abbanki ma haka. Abin da ba na so shi ne ki hau jirgi kina zaton kin bar abu a ajiye alhali babu shi. Ki san abin da kika bari tun kina ƙasa.

Akwai kuma ranar da nake hange, wadda ita ce dalilin karatun. Idan Allah Ya kai ki, wata rana ke za ki zauna a kan teburin, a ce miki kuɗi ba za su kai ba, a kawo miki sanarwa ki sa hannu. Za a kawo ta da kalma mai laushi, kuma masu kawo ta mutanen kirki ne masu gaggawa, kamar Malam Isiyaku. Mai yiwuwa ba za ki iya hana ragewar ba. Abin da ke hannunki shi ne ki kira abin da sunansa, kuma da wuri, tun mutum yana da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da an gaya wa Dakta Lawal gaskiya mako guda kafin ya ba da amsa, da ya yi ritaya yana malami. Idan kin shiga ɗakin takardun nan na Ankara, ki ba waɗanda aka bari a ƙasan shafi rabin lokacinki. Ki nemo inda suka koma, da abin da suka ci bayan nan. A wurinsu za ki koyi abin da shugaba yake yi wa mutane, fiye da a jawaban buɗe jami'a.

Sauran ƙanana ne. An ce sanyin Ankara busasshe ne, ya fi na Manchester cizo, ki tafi da man shafawa. Idan aka ba ki shayi ki karɓa. Siyasar ƙasarsu ki saurara da yawa ki faɗi kaɗan, baƙuwa ce ke, kuma maganar wa ke naɗa shugaban jami'a ba tsohon labari ba ne a wurinsu. Abin da aka faɗa miki a amana kada ki sa sunan mai shi a rubutunki sai da izininsa. Ki riƙa kwafe bayananki wuri biyu. Ki kira Abbanki ranar Lahadi, ba zai ce yana jira ba, amma wayar tana hannunsa tun safe.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya. Ya haɗa ki da malamai na gari da maƙwabta na gari, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin alƙalami, naki da na wasu. Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa ki zama inuwa ga waɗanda za su zauna a ƙarƙashinki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Mahaifiyarki,
Hadiza

Ƙari: Ina shirin rufe ambulan Abbanki ya dawo daga masallacin Juma'a. Ya haɗu da Injiniya Kabiru, wanda matarsa ke koyarwa a jami'arku. Ya ce ta ce an ɗage zaman kwamitin daga mako mai zuwa zuwa Litinin ɗin da ke bayan tashinki, kuma ofishinku ne na biyu a jerin abin da za a tattauna. Majiya ɗaya ce, kuma ta baki biyu ta biyo kafin ta iso ni. Na bar wa matar saƙo da ƙarfe uku. Ba ta kira ba tukuna.